Yadda Ake Gina Manhajar Zane Mai Kwaikwayon Rautoci da Hanyoyin Sadarwa

Duk wanda ya zauna koyon aikin sadarwar kwamfuta ya san cewa karatun ba ya zama a kai sai an haɗa rauta da rauta, wato na'urorin da ke zaɓa wa saƙo hanyar da zai bi, an ba kowace adireshi, an tsinke waya an ga ta inda saƙo zai bi. Rauta ɗaya kuwa ba ta koyar da komai, domin ƙa'idoji irin su OSPF da BGP, waɗanda rautoci ke koyon hanyoyi daga juna da su, ba sa nuna halinsu sai an tara na'urori uku ko huɗu, kuma kuɗin sayensu da wutar da za ta riƙe su sun fi ƙarfin yawancin ɗalibai. Shi ya sa aka ƙirƙiri manhajojin da mutum zai zana hanyar sadarwa a kan allo, ya ja waya da linzami daga wannan na'ura zuwa waccan, ya danna maɓalli, sai zanen ya koma abu mai aiki a cikin kwamfuta guda. Gina irin wannan manhaja bai fi ƙarfin wanda ya iya Python kuma ya saba da Linux ba, muddin ya fara ta inda ya dace, kuma inda ya dace ba zanen ba ne, duk da cewa shi ido ke fara gani.

Tarihin GNS3, wadda ta fi shahara a wannan fanni, ya isa hujja. A shekarar 2005 Christophe Fillot, a Faransa, ya rubuta Dynamips, shirin da ke kwaikwayon kayan cikin rautar Cisco 7200 har ainihin manhajar IOS, wadda ke tafiyar da rautocin Cisco, ta tashi a kansa ta yi aiki, kuma ba shi da zane ko kaɗan. Bayan haka Greg Anuzelli ya rubuta Dynagen, wanda ke karanta fayil ɗin rubutu mai bayanin wace kafa ce ke haɗe da wace, sannan ya aika wa Dynamips umarni. Sai daga baya GNS3, wadda Jeremy Grossmann ke cikin waɗanda suka assasa ta, ta zo da allon zane da aka rubuta da Python da Qt, laburaren gina fuskar manhaja. Da aka sake rubuta ta a siga ta 1.0 a 2014, babban abin da aka yi shi ne raba fuskar manhajar da injinta, kowanne ya zama shiri mai zaman kansa. Wanda zai gina tasa yau ya kamata ya bi wannan jeri da gangan: inji tukuna, sannan fayil ɗin da ke bayyana tsarin, sannan zane.

Zaɓen irin kwaikwayon da za a yi

Hanyoyi uku ne a gaban mai gini, kuma zaɓin da ya yi a nan shi zai yanke yawan wahalar da zai sha. Ta farko ita ce wadda Packet Tracer ta Cisco ta bi, inda manhajar ke kwaikwayon halin rauta ba tare da akwai rauta ta gaskiya a ciki ba, wato kowane umarni da kowace ƙa'ida sai an zauna an rubuta su da hannu. Wannan aikin kamfani ne mai tarin ma'aikata, kuma duk abin da ba a rubuta ba babu shi. Ta biyu ita ce ta Dynamips da QEMU, inda ake kwaikwayon ita kanta na'urar a ɗora mata manhajar kamfani. Sakamakonta ya fi kusa da gaskiya, amma tana cin ƙwaƙwalwar RAM sosai, kuma manhajar IOS mallakar Cisco ce mai lasisi, ba a raba ta yadda aka ga dama. Akwai ma wata matsala da masu amfani da Dynamips suka sani ƙwarai: shirin bai san lokacin da IOS ke zaune ba aikin komai ba, don haka rauta ɗaya takan cinye ƙarfin farosesa gaba ɗaya har sai an nemo mata lambar da ake kira Idle-PC.

Hanya ta uku ita nake ba da shawara a bi, kuma ita Mininet, da aka ƙirƙira a Jami'ar Stanford a 2010, ta bi. Tun daga siga ta 2.6.24 a 2008, kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin, ya fara iya keɓe shiyyoyin sadarwa, abin da umarnin `ip` ke kira netns. Kowace shiyya tana da nata kafofin sadarwa, nata adireshi da nata teburin hanyoyi, ba ta ganin na maƙwabciyarta, alhali duk a kan kanel ɗaya suke. Tun da ba a kwaikwayon farosesa, kwamfutar hannu mai RAM gigabait 4 za ta iya ɗaukar rautoci masu yawa ba tare da ta yi nishi ba, kuma fakitocin, wato ƙunshin saƙonnin, da ke yawo tsakaninsu na gaskiya ne, kanel ɗin ne da kansa ke sarrafa su. Wanda ke kan Windows sai ya girka Linux a cikin VirtualBox ya yi aikin a can.

A fara haɗawa da hannu

Kafin a rubuta layi ɗaya na Python, a buɗe tagar umarni a haɗa rautoci biyu da hannu, domin duk abin da manhajar za ta yi daga baya maimaita waɗannan umarni ne kawai. Ana buƙatar ikon root, wato cikakken ikon mai gudanar da kwamfutar. A ƙirƙiri shiyyoyi biyu, sannan a haɗa su da veth, wanda yake kamar tiyo mai baki biyu, abin da aka zuba ta wannan baki ta wancan zai fito:

`ip netns add r1`

`ip netns add r2`

`ip link add eth0 netns r1 type veth peer name eth0 netns r2`

`ip -n r1 addr add 10.0.12.1/30 dev eth0`

`ip -n r1 link set eth0 up`

A maimaita layuka biyu na ƙarshe ga r2 da adireshin 10.0.12.2/30, sannan a gwada da `ip netns exec r1 ping 10.0.12.2`. A lura da cewa an ƙirƙiri bakunan biyu kai tsaye a cikin shiyyoyinsu, shi ya sa dukansu suka iya ɗaukar suna eth0 ba tare da karo ba. Mutane da dama sukan ƙirƙire su a waje da dogayen sunaye sannan su tura su ciki, sai su ci karo da dokar Linux da ta hana sunan kafa wuce haruffa 15. Abu biyu kuma ake yawan mantawa da su. Kafar `lo` ta sabuwar shiyya a kashe take zuwa, dole a kunna ta. Sannan shiyya ba ta zama rauta sai an ba ta izinin miƙa fakitin da ba nata ba, da umarnin `ip netns exec r1 sysctl -w net.ipv4.ip_forward=1`, kuma gara a riƙa saka wannan a fili ga kowace rauta maimakon a dogara da abin da ta gada daga uwar kwamfutar.

Har yanzu waɗannan rautoci ba su san yadda za su koyi hanyoyi daga juna ba. Wannan aikin FRRouting ne, wadda aka fi sani da FRR, manhajar kyauta da ta ɓalle daga Quagga a 2017. Ba shiri ɗaya ba ce. Akwai zebra da ke rubuta hanyoyi a teburin kanel, akwai ospfd da bgpd da ke magana da maƙwabta, sababbin sigogi kuma sun ƙara mgmtd wanda shi ma ake tayarwa. Amfaninta ga ɗalibi shi ne tagar umarninta, vtysh, tana kama da ta Cisco ƙwarai, don haka wanda ya saba rubuta `configure terminal` da `show ip route` a nan ba zai yi baƙunta a can ba. Wahalar ita ce shiyya ta keɓe sadarwa ne kaɗai, ba ta keɓe fayiloli ba, saboda haka idan aka tayar da zebra sau biyu za su yi rigima a kan soket ɗaya. Maganin shi ne zaɓin `-N`, wanda ke sa kowace rauta ta yi amfani da foldarta. A Debian da Ubuntu umarnin zai kasance `ip netns exec r1 /usr/lib/frr/zebra -d -N r1`, bayan an ƙirƙiri foldar r1 a ƙarƙashin /etc/frr da /var/run/frr an kuma mallaka wa mai amfani mai suna frr. Idan aka manta da mallakar nan shirin zai mutu tun kafin ya fara aiki, kuma wanda bai duba saƙon kuskuren ba zai daɗe yana neman laifin a wani wuri dabam.

Idan aka kunna OSPF a karon farko za a ga rautocin biyu sun yi jinkiri kusan daƙiƙa 40 kafin su kai matsayin Full, inda suka gama musayar bayanan hanyoyi. Ba lalacewa ba ce. FRR na ganin veth a matsayin Ethernet, inda na'urori da yawa kan taru, don haka take jira a zaɓi rautar da za ta shugabanci layin. A wayar da ke haɗa rautoci biyu kacal wannan zaɓe ba shi da amfani, kuma layin `ip ospf network point-to-point` a kan kafar yana kawar da shi. Ya rage ga mai gini ya yanke ko manhajarsa za ta saka wannan layi da kanta. Ni dai a ganina kada ta saka, a bar ɗalibi ya ga jinkirin ya tambayi dalilinsa.

Fayil ɗin tsari

Bayan an tabbatar hannu ya iya, sai a zauna a tsara yadda za a rubuta hanyar sadarwa a fayil. Wannan fayil shi ne asalin gaskiyar aikin. Inji daga gare shi zai gina, allo kuma daga gare shi zai zana, babu ɗayansu da zai riƙe wani bayani a ɓoye. JSON ya wadatar, kuma shi GNS3 ma ke amfani da shi a fayilolinta. A ciki za a sami jerin na'urori da jerin wayoyi. Kowace na'ura tana da lambar shaida da ba ta canzawa, da sunan da mutum ke gani, da irinta, ko rauta ko siwic (na'urar da ke haɗa kwamfutoci a layi ɗaya) ko kwamfuta, da wurin da take a kan allo, da jerin kafofinta. Kowace waya kuma tana ambaton na'ura da kafa a wannan gefe, da na'ura da kafa a wancan.

Dole wayar ta ambaci lambar shaida, kada ta ambaci suna, domin ranar da mai amfani ya sauya sunan R1 zuwa Kano duk wayoyin da suka dogara da sunan za su yanke. Laburaren `uuid` na Python zai samar da lambobin. Haka kuma dole wayar ta tsaya a kan kafa, ba a kan na'ura kawai ba. Wanda ya rubuta cewa R1 na haɗe da R2 ya tsaya a nan zai rasa yadda zai yi ranar da aka buƙaci wayoyi biyu tsakaninsu, kuma ba zai iya hana a soka waya biyu a kafa ɗaya ba. A saman fayil ɗin a saka lambar siga tun ranar farko, ko da 1 ce, saboda tsarin zai canza kuma tsofaffin fayilolin mutane za su buƙaci a gane su.

Wajen adanawa, kada a rubuta kai tsaye a kan tsohon fayil. A rubuta sabon a wani suna na wucin gadi a folda ɗaya, a tabbatar ya sauka a faifai, sannan a maye gurbin tsohon da `os.replace`. A inda ɗauke wuta ba labari ba ne kuma batirin kwamfutoci da yawa ya riga ya mutu, wannan ɗan tanadi shi ne zai hana aikin mako guda ya koma fayil mai rabin rubutu.

Rabon adireshi abu ne mai sauƙi, ba ya buƙatar dogon tunani. Laburaren `ipaddress` zai yanka 10.0.0.0/16 zuwa ƙananan layuka 16384 masu /30, kowanne da adireshi biyu masu amfani, a ba kowace sabuwar waya na gaba. A bar wannan ya zama zaɓi da za a iya kashewa, tun da lissafin adireshi na cikin abin da ɗalibi ya zo koya.

Injin

Injin shiri ne dabam da ke gudana da ikon root, yana sauraron buƙatu ta soket na Unix ko ta HTTP a kan adireshin 127.0.0.1. Fuskar manhajar kuwa tana gudana da ikon mutum na yau da kullum. Dalilin wannan rabo biyu ne. Na farko tsaro, domin bai kamata dubban layukan da ke kula da zane da linzami su riƙe ikon goge komai a kwamfuta ba. Na biyu, ranar da aka so injin ya koma wata babbar kwamfuta a ɗakin gwaji, ɗalibai su riƙa haɗuwa da shi daga nasu, ba sai an sake gini ba. Tun da injin na karɓar sunaye daga hannun mutane yana saka su cikin umarni, a riƙa kiran `subprocess.run` da jerin kalmomi, kada a taɓa haɗa su su zama jimla ɗaya a miƙa wa shell, kuma sunan shiyya a samo shi daga lambar shaida tare da wani ƙari na manhajar a farkonsa, kada a ɗauko shi daga abin da mutum ya rubuta. Wanda ya fi son magana da kanel kai tsaye zai iya amfani da laburaren pyroute2, amma a farkon aiki kiran umarnin `ip` ya fi sauƙin bincike, saboda duk abin da ya gaza za a iya kwafe shi a gwada da hannu.

Jerin tayarwa ba ya canzawa: shiyyoyi, sannan wayoyi, sannan adireshi, sannan shirye-shiryen FRR. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne yadda injin ke tunani. Maimakon a rubuta masa aiki dabam na ƙara rauta, da na cire waya, da na sauya adireshi, a rubuta aiki guda da zai karɓi tsarin da ake so, ya karanta abin da ke akwai a kanel da `ip netns list` da `ip -j link`, wanda ke ba da amsa da JSON, ya kwatanta su, sannan ya ƙirƙiri abin da babu ya goge abin da ya yi saura. Idan aka gina shi haka, ƙara waya yayin da gwaji ke gudana da farfaɗowa bayan manhajar ta faɗi duk sun zama aiki ɗaya, kuma kiran aikin sau biyu a jere ba ya ɓata komai.

Rushewa na da tarko. Umarnin `ip netns del r1` yana cire sunan shiyyar ne kawai, kuma muddin akwai shirin da ke gudana a cikinta za ta ci gaba da rayuwa a ɓoye, zebra da ospfd na ta cin RAM babu mai ganinsu. A fara tambayar `ip netns pids r1`, a kashe waɗannan shirye-shirye, a jira su mutu, sannan a goge shiyyar da foldar soket ɗinta. Wayoyin ba su da wahala, domin goge baki ɗaya na veth yana tafiya da ɗayan.

Kada a taɓa zane sai an iya ba injin fayil mai rautoci uku daga tagar umarni, ya tayar da su, ping ya wuce, ya rushe su, `ip netns list` ya dawo babu komai.

Allon zane

Qt na da abin da ake buƙata a shirye. Tsakanin PyQt da PySide bambancin da ya fi shafar mai gini na lasisi ne, na farko GPL ko na kuɗi, na biyu LGPL, amma rubutun kusan iri ɗaya ne. QGraphicsScene ke riƙe abubuwan da aka zana, QGraphicsView ke nuna su tare da zuƙowa da nisantawa. Kowace na'ura aji ce da ta gaji QGraphicsItem, an kunna mata ItemIsMovable da ItemIsSelectable, sai Qt ya ɗauki nauyin ja da zaɓe. Akwai tuta ta uku da ake yawan mantawa, ItemSendsGeometryChanges. Idan babu ita, aikin `itemChange` ba zai sami labarin cewa na'urar ta matsa ba, sai mutum ya ja rauta zuwa gefe wayoyinta su tsaya a inda suke suna nuni ga fili. Da an kunna ta, a cikin `itemChange` a sabunta wurin na'urar a cikin tsari, a kuma gaya wa kowace waya da ke jikinta ta sake lissafin bakunanta.

Wayar ce ta fi ba da aiki. Layi mai kaurin ɗigo biyu yana da kyau a ido, amma danna shi da linzami azaba ce, musamman ga mai amfani da faifan taɓawa na kwamfutar hannu. A sake rubuta aikin `shape` na wayar da QPainterPathStroker, a ba shi faɗin ɗigo goma ko sha biyu, sai wurin dannawa ya yi faɗi alhali layin da ake gani bai canza ba. A sa wayoyi a ƙarƙashin na'urori da `setZValue`. Idan wayoyi biyu suka haɗa na'urori biyu guda, za su hau kan juna su zama tamkar ɗaya, don haka a lanƙwasa ta biyu zuwa gefe. Kusa da kowane baki a rubuta sunan kafar da adireshinta, domin rabin kuskuren ɗalibi a OSPF daga rashin sanin wace kafa ce ke fuskantar wace rauta yake tasowa. Wajen jan sabuwar waya, idan aka danna na'ura a nuna kafofin da ba a soka komai a cikinsu ba kawai, a bar layi na wucin gadi ya bi linzami, kuma kada a rubuta komai a tsari sai an zaɓi kafa ta biyu. Duk wani sauyi a bi da shi ta QUndoStack tun daga farko, saboda cusa damar janye kuskure bayan an gama gini ya fi gina ta tun farko wahala nesa ba kusa ba.

Doka ɗaya ce ke hana fuskar manhaja daskarewa: kada a jira injin a cikin zaren da ke zana taga. Tayar da rautoci goma na iya ɗaukar daƙiƙoƙi, kuma a duk tsawon lokacin tagar za ta ƙi motsi idan a nan ake jira. A aika buƙata a ci gaba, amsa ta dawo ta hanyar siginar Qt.

A nan ne kuma ake gane manhajar kirki. Launin da ke jikin waya ko rauta dole ya fito daga abin da kanel da FRR suka faɗa, ba daga maɓallin da aka danna ba. Abu ne mai sauƙi a mayar da rauta kore da zarar an danna tayarwa, amma idan ospfd ya mutu bayan daƙiƙa ɗaya allon zai ci gaba da nuna kore, ɗalibi kuma ya yi ta zargin kansa a kan laifin da ba nasa ba. Injin ya riƙa sauraron `ip -n r1 monitor link` don sanin halin kafofi, ya kuma riƙa tambayar `vtysh -N r1 -c "show ip ospf neighbor json"` lokaci zuwa lokaci, ya tura wa fuska abin da ya gani. Da wannan za a iya ba waya launi uku, na wadda ke kashe, na wadda ke kunne amma maƙwabtaka ba ta ƙullu ba, da na wadda ta kai Full. Wayar da ta maƙale a launin tsakiya tana nuna ExStart, sau da yawa bambancin MTU ne, wato iyakar girman fakiti, tsakanin bakunan biyu, kuma ganin hakan a allo darasi ne da kansa.

Tagar umarni ta kowace rauta ba ta buƙatar a gina ta. Danna rauta sau biyu ya buɗe xterm da ke gudanar da `vtysh -N r1`, danna kwamfuta kuma ya buɗe bash a cikin shiyyarta. Kallon fakitoci ma haka: `ip netns exec r1 tcpdump -i eth0 -U -w -` a tura abin da ya fito cikin `wireshark -k -i -`, sai a ga saƙonnin Hello na OSPF, waɗanda rauta ke sanar da maƙwabta cewa tana raye da su, suna fita zuwa 224.0.0.5 duk bayan daƙiƙa 10. Zaɓin `-U` ne ke sa kowane fakiti ya fito nan take maimakon a tara su.

Tsinke waya iri biyu

Manhajar ta ba da hanyoyi biyu na lalata waya, domin a zahiri ma iri biyu ne kuma sakamakonsu ya sha bamban. Idan aka kashe baki ɗaya da `ip -n r1 link set eth0 down`, ɗaya bakin zai ga layin ya ɗauke nan take, OSPF ya sake lissafi ba tare da ɓata lokaci ba, kamar dai an zare kebul. Idan kuwa aka bar kafar a kunne aka sa `tc qdisc add dev eth0 root netem loss 100%` a cikin shiyyar, rautocin ba za su san komai ba sai sun daina jin Hello har tsawon daƙiƙa 40, kuma duk fakitin da aka aika a wannan tsakani ya ɓata. Wannan na biyun shi ke kwatanta abin da ke faruwa idan matsalar na can tsakiyar layin kamfanin sadarwa. Da netem ɗin dai ake ƙara jinkiri da asarar wani kaso na fakitoci. A tuna cewa yana aiki ne a kan abin da ke fita kawai, saboda haka sai an saka shi a bakunan biyu, kuma jinkirin milisakan 50 a kowane gefe zai bayyana a ping a matsayin 100.

Siwic kuma shiyya ce mai gada a ciki, `ip -n s1 link add br0 type bridge`, a jona kowace kafa da `master br0`, a kunna `vlan_filtering` idan ana son VLAN. Gadar Linux ba ta miƙa wasu saƙonni na musamman irin su LACP da LLDP kamar yadda take miƙa sauran, don haka gwajin da ya dogara da su ba zai yi daidai ba idan aka ratsa da shi ta gada, gara a haɗa na'urorin biyu kai tsaye da veth.

Gwajin da zai nuna ko komai ya haɗu shi ne na rautoci uku a kusurwa uku, da kwamfuta ɗaya a bayan R1 da wata a bayan R3. A zana su da linzami, a adana, a rufe manhajar, a sake buɗewa, a tayar. A kunna OSPF a yanki na 0 a dukansu, a yi traceroute daga kwamfuta ta farko a ga ya bi R1 zuwa R3 kai tsaye. A tsinke wannan waya ta hanya ta farko, traceroute ya koma ta R2, launin wayar ya canza. A mayar da ita, a tsinke ta hanya ta biyu, a ƙirga daƙiƙoƙin da ping ya yi shiru. Daga nan a kashe fuskar manhajar da ƙarfi yayin da komai ke gudana, a sake buɗe ta, a duba ko ta tarar da rautocin a raye ta kuma nuna halinsu daidai.

Idan daga baya aka so shigo da na'urar kamfani ta gaskiya, ko wata manhajar rauta da ke zuwa a matsayin faifan QEMU, ba sai an taɓa allo ko tsarin wayoyi ba. A ƙara sabon iri a jerin na'urori, injin ya ƙirƙiri shiyya kamar kullum, ya buɗe kafar TAP, wato kafar sadarwa ta kwaikwayo, ga kowace kafar na'urar, ya haɗa ta da bakin veth ta ƙaramar gada, sannan ya tayar da QEMU a cikin shiyyar ya miƙa masa waɗannan TAP. Tagar umarninta za ta zo ta telnet ko VNC maimakon vtysh, kuma tun da irin wannan na'ura kan ɗauki mintuna kafin ta gama tashi, a ƙara mata sabon matsayi a allo mai nuna cewa tana kan tashi, tare da filin da mai amfani zai rubuta yawan RAM da za a ware mata.